Radiyo Tsakanina da Inna

Tun da na dawo daga Ifarwan, can cikin duwatsun Abzin, ba a bar ni na yi ɗinki cikin kwanciyar hankali ba. Maƙwabciyata Hajiya Ramatu ta leƙo da safe ta ce, "Hadiza, wai da me kika ɗauko tsohuwar nan?" Ƙawata Tambara ta zo da hantsi riƙe da yadin da ba ta da niyyar ɗinkawa, ita ma tambayar ke nan. Jiya har na ɗora wa rigar mutane hannu a baibai saboda surutunku. To ga shi na zauna zan faɗa sau ɗaya, daga farko har ƙarshe, wadda ta sake tambayata in miƙa mata takarda ta karanta da kanta.

Ga wadda ba ta sani ba, ni ce 'yar farin Inna. Ranar da aka yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a hannunta na girma, nan cikin tsohon garin Agadas. Babana ya rasu ina da shekara biyar. Inna ta sake aure, wani ɗan kasuwa ya tafi da ita Ifarwan, can ta haifi ƙanwata Azara, can mijin ya rasu, can ta ci gaba da zama. Shekarata hamsin da ɗaya, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ta Agadas" take ce mini, shi ma sai in ba na wurin. In mun haɗu a biki ko gidan rasuwa, in durƙusa in gaishe ta, ta amsa tana duban gefe, hira ta ƙare ke nan sai wata shekara. Duk mun san kunyar ɗan fari, amma ta Inna irin ta mutanen da ce, ba a rage mata komai ba.

Bara yanar ido ta rufe mata idon hagu. Bana na dama ya fara bi, har ta kai ba ta gane mutum sai ya yi magana. Da na ji sanarwa cewa wasu lokotoro, wato likitoci, za su zo Agadas su yi mako guda suna aikin ido, na kira Azara na ce a sako Inna a mota. Inna ta ce ba ta zuwa. Na sake aikawa, ta ce ba ta zuwa. Na uku ma haka. In ta zo, gidan wa za ta sauka? Gidana. Wa zai riƙe hannunta ya kai ta bayan gida? Ni. Azara kuwa tana cikin jego, kwananta goma sha biyu da haihuwa, ba ta iya rako ta. Ta ce mini a salula, wato waya, "Yaya, na yi iyakar ƙoƙarina. In an wuce wannan karon, wallahi kafin su sake zuwa ta makance sarai." Na rufe keken ɗinki na ce ni zan je da kaina, ko da ban san da wane baki zan yi mata magana ba.

Kun san ni da littattafan saurare. Shekara uku ke nan da na kama su. Hannu yana kan yadi, ido yana kan allura, ƙafa tana kan keke, kunne kaɗai ke zaman banza, to me zai hana shi ma ya yi aiki? Malam Sule mai butiki, wato shagon salula a bakin kasuwa, shi ke zuba mini su a kart memwar, ɗan katin nan na adana murya, in sa a 'yar radiyona, in maƙala ekuter, igiyar sauraro, a kunne. Ba na zaɓe. Na ji na tarihi, na ji na bincike, har da wani da ke koya wa mace raba jarin sana'a da kuɗin cefane, wanda na saurara sau biyu, na yarda da duk abin da ya ce, ban bi ko ɗaya ba. Don tafiyar nan ya zuba mini sabo, labarin wata tsohuwar ungozoma da ke neman wanda ya sa wa rumbunan garinsu wuta, babi ashirin da huɗu. Wata mata 'yar Damagaram ke karantawa, muryarta a kwance, kuma tana da zakara a gidanta wanda ba ya barin babi ya wuce bai yi cara ba.

Ranar Talata da safe na shiga motar Agali direba, wata tsohuwar kat-kat, irin motar nan ta shiga hamada, da ke tashi daga Agadas ta bi Arlit zuwa Ifarwan. Mu tara ne a ciki, ta goma akuya. Akuyar ta wani Alhaji Bala ce, mai sayar da shayi da sukari, zai kai wa 'yarsa a Arlit don madara. Na ce, "Alhaji, wa ke ɗaukar akuya ya kai ta Abzin, inda akuya ta fi mutane yawa?" Ya ce tasa daban ce, tana da tarbiyya. Na sa ekuter ɗina. Muna kaiwa mararrabar Anu Araran sai na ji muryar mai karatu ta ɗauke a tsakiyar magana. Na jawo igiya, guntu ya biyo hannuna. Na waiwaya, ga mai tarbiyya tana tauna sauran, tana kallona.

Na ce, "Alhaji! Dubi abin da dabbarka ta yi mini!"

Ya ce, "Subhanallahi. Hajiya, wallahi ba ta taɓa yi ba."

Na ce, "To da ni aka ce ta fara?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, don tafiyar kwana biyu ce a gabana da tunanin Inna ya cika mini kai. Na ce ko ba ekuter zan ji abina, wanda ya ji haushi ya yi magana da akuya. Na kunna a fili. Garin latse-latse sai na faɗa kan littafin jarin nan, mai karatun yana cewa kada ɗan kasuwa ya ba danginsa kaya don kunya. Alhaji Bala ya ce, "Kai! Wannan bai taɓa zama a kasuwa ba, kuma ba shi da dangi. Hajiya, canza mana." Na canza zuwa na ungozoma. Ba a yi minti biyar ba Agali ya ce, "Hajiya, ƙara murya. Kuma don Allah koma farko, ba mu san wanda ya mutu ba." Na ce ba wanda ya mutu, rumbu ne aka ƙona. Ya ce to a koma farko dai.

Hanyar Arlit ba sai na faɗa muku ba. Gudron, wato kwalta, sunansa kawai ya rage, Agali ya fi tafiya a gefensa fiye da a kansa. Bayan azahar ƙafar motar ta baya ta fashe. A wata tafiyar da kun ji tsaki da ƙorafi, amma mu muna babi na biyar, inda ungozoma ta tarar da tokar taba a bayan rumbu, alhali garin mutum biyu kaɗai ke shan taba. Aka ɗora radiyo a kan kapo, murfin injin mota, maza suna canza ƙafa suna gardama. Alhaji Bala ya rantse ɗan maigari ne. Agali ya ce ɗan maigari ya yi sauƙi da yawa, mai rubutun ba zai ba da shi arha haka ba. Ni na ce a bar mata ta yi karatunta.

Ba mu ƙetare iyakar ƙasa ba, amma sau huɗu aka tambaye mu kartidanti, katin shaida. A bariyer ta uku, wato shingen bincike, jandarma ya leƙo, daidai lokacin zakaran mai karatu ya yi cara. Ya dubi akuya, ya dubi ƙarƙashin kujeru, ya ce, "Ina kajin?" Muka fashe da dariya. Ya saurara kaɗan, sai fuskarsa ta saki. Ya ce, "A'a, na ungozoma ne? Babi na nawa kuke?" Na ce na bakwai. Ya ce, "Bon, ni na gama shi tun watan jiya. In gaya muku wanda ya sa wutar?" Wallahi motar nan gaba ɗaya ta ɗauka, "A'a! A'a!" Alhaji Bala ya haɗa hannu biyu ya ce, "Ranka ya daɗe, ka riƙe kartina in kana so, amma kada ka faɗa." Jandarma ya ɗaga mana sanda yana dariya, muna wucewa yana ɗaga murya wai mu lura da mai sayar da gishiri. Alhaji ya toshe kunnuwansa da yatsu.

A Arlit muka kwana. Alhaji Bala ya sauka da akuyarsa, bayan ya karɓi lambata ya sa na yi alkawarin gaya masa ƙarshen labari. Ni kuma Agali ya kai ni gidan yayarsa Lalla, wata doguwar mata mai yawan dariya. Mun saba da Abzinawa, Buzaye irin su Agali, a gari, muna ciniki da su kullum, amma kwana a gidansu wani abu ne daban. Kafin magariba ta kawo mini tagilla, burodin nan da suke gasawa cikin yashi mai zafi, an gutsuttsura shi cikin miyar tumatir da man shanu. Na ci har na ji kunya. Muna cikin ci sai ga mijin 'yarta ya shigo. Yana ganin Lalla a bakin kwano ya ja rawaninsa har ƙasan ido, ya koma can jikin katanga ya zauna ya ba mu baya. Shayi ma ta ƙarƙashin rawani ya sha shi. Babban mutum, mai 'ya'ya huɗu! Dariya ta kuɓuce mini. Na ce, "Lalla, shekara nawa yana haka?" Ta ce sha biyar, kuma ba ta taɓa ganin bakinsa ba.

Sai ta tambaye ni abin da zai kai ni Ifarwan, na gaya mata duka. Ta ajiye cokali ta yi dariya har tana riƙe ciki. Ta ce, "Ke kika yi wa surukina dariya? Mu namiji ke gudun uwar matarsa. Ku uwa ke gudun abin da ta haifa da cikinta. To wa ya fi wani?" Da safe ta dama mini agajira, gero da cuku da dabino, ta cika mini gora ta ce in sha a hanya.

Daga Arlit hanya ta koma duwatsu da rairayin kori, busassun rafukan nan, mota tana jefa mu sama tana cafewa. Da la'asar muka hango korayen garake, wato lambuna, da raƙumi yana jan guga daga rijiya yana kai da komowa, da tumatir a shanye jajawur. Agali ya ce ranar Litinin da asuba zai juya, in ina da fasinja in shirya ta. Lokotoron kuwa Asabar ta sama za su tafi. In Litinin ta wuce ni, babu wata mota da za ta kai mu a kan lokaci.

Azara ta tare ni da murna, ta ɗora mini jaririya a cinya. Inna tana zaune a rumfa kan tabarma, ta rame, idanun sun yi fari. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, fuskarta a gefe kamar kullum, ko da yake yanzu ba abin da za ta gani. A nan na yi kuskuren farko. Kwana biyu ina shirya magana a mota, sai na zube ta gaba ɗaya kamar ina ciniki da mai yadi. Na ce, "Inna, na zo in tafi da ke. Ki shirya, Litinin za mu tashi."

Inna ta juya gaba ɗaya ta fuskanci bango. Ta ce, "Azara, ki ba baƙuwarki ruwa, ta sha hanya." Daga nan ba ta ƙara cewa uffan ba har aka yi sallah. Azara ta ja ni ɗaki ta ce, "Haba Yaya! Kin taɓa ganin an yi mata haka? Ko ni da ba ta jin kunyata sai na zagaya." Na ce ni ban iya zagaye ba, ba a koya mini ba. Na faɗa da zafi, amma kuka ne ke son zuwa.

Ranar Alhamis da hantsi na zauna a bakin rumfa ina tsintar shinkafa, na kunna radiyo don kada shirun nan ya kashe ni. Na koma babi na ɗaya, don hayaniyar mota ta sa na rasa wurare da yawa. Mai karatu ta yi sallama kamar yadda take buɗe kowane babi. Sai na ji daga bayana, "Wa alaikumus salam." Inna ce. Na yi kamar ban ji ba. Can ta ce wa Azara, "Wannan wace ce take ta zuba?" Azara ta ce littafi ne ake karantawa, labari ne ƙagagge. Inna ta ce, "Ƙarya ke nan. Mutum da girmansa ya zauna yana jin ƙarya." Amma ba ta ce a kashe ba. Da babi ya ƙare na miƙa hannu, sai ta ce, "Azara, matar nan ta gaji ne?" Na sa na biyu.

Kafin la'asar Inna ta shiga labarin har wuya. Ungozoma ta yi shekara irin tata, kuma Inna ba ta yarda da yadda take binciken ba. "Ke mai karatu, gaya mata ta bar bin maza, ta je rijiya ta zauna. Abin da ya faru a gari a bakin rijiya ake jin sa." In zakara ya yi cara ta ce, "Matar nan ba ta ba shi hatsi ne?" In mai karatu ta yi tari ta ce mata sannu. Ni dai ina gefe, ina satar kallonta. Ban taɓa sanin uwata tana da ban dariya ba, wallahi ban taɓa sani ba, sai ranar.

Ranar Juma'a Azara ta shiga wankan jego, ya rage daga ni sai Inna sai radiyo. Na ɗora miya na shagala da babi na tara. Sai na ji Inna ta yi gyaran murya ta ce, "Mai karatu, wasu mutane suna nan zaune, tukunyarsu tana kamawa." Na zabura na sauke. Da na dawo na tsaya ina tunani, sai na dubi radiyon nan na ce, "Mai karatu, gaya wa masu gida an sauke, ba ta ƙone ba." Inna ta kawar da kai. Na ce a raina shi ke nan, na sake ɓatawa. Can sai ta ce, "Mai karatu, a ce musu a ƙara kanwa kaɗan. Tumatirin garin nan yana da tsami."

To kun ji yadda aka fara. Yini biyu muna hira, ni da uwata, ta bakin wata mata 'yar Damagaram da ba ta san muna duniya ba. Mai karatu, wai ɗinki yana ci da mutum a Agadas? Mai karatu, gaya musu alhamdu lillahi, har da masu koyo biyu. Mai karatu, yaron nan nasu na biyu, wanda ya karye a hannu yana ƙarami, hannun ya miƙe? Shekara ashirin da wannan karaya, kuma ban taɓa zaton labarin ya kai mata ba. Azara tana jin mu daga ɗaki, tana toshe baki da zane.

Amma maganar tafiya, ko na kawo ta ta bakin mai karatu, sai Inna ta ce, "Mai karatu, ci gaba da karatunki." Asabar ta zo, saura kwana biyu, hankalina ya tashi. Sai shaiɗan ya kawo mini dabara. Muna gama babi na ashirin, daidai inda ungozoma ta ce ta gane mai laifi, gobe za ta faɗa a gaban maigari, na kashe radiyo. Na ce, "Mai karatu, gaya wa masu gida nan kart ɗin ya tsaya. Sauran huɗun suna Agadas, sai wanda ya je can zai ji."

Inna ta ce, a hankali, "Mai karatu, shekaranjiya na ji wata tana gaya wa Azara babi ashirin da huɗu ne, duk suna ciki. Ido ne ya tafi, kunne yana nan. Ni ba akuya ba ce da za a ja ni da dusa." Ta ɗaga murya ta ce, "Azara! Zo ki fitar mini da abin nan daga rumfa."

Kai, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Mace mai jikoki, an kama ni da ƙarya kamar 'yar lakwal, yarinyar makaranta. Kuma abin da ya fi ci mini rai, ƙofa ɗaya ce ta taɓa buɗewa tsakanina da ita, ni da hannuna na rufe. Azara ta ce, "Yaya, ke fa ba ki da haƙuri." Na ce na sani. Radiyo tana kan taga, ko kai ta butiki a yi mata sharji, a cika batiri, ban yi ba. Lahadi tun safe ba wanda ya yi wa wani magana. Na haɗa kayana ni kaɗai. Na ɗauko wani zanen Inna da bakinsa ya zare, na zauna daga wajen rumfa ina yi masa kalmasa, don hannuna ya samu abin yi.

Bayan la'asar Inna ta ce, "Azara, kawo mai karatu." Azara ta ɗauko, ta latsa, ta sake latsawa. Ta ce, "Inna, ba wuta, batiri ya mutu." Inna ta ce, "Cewa na yi ki kawo ta, ban ce ki kunna ba. Ajiye nan. Je ki ga 'yarki." Azara ta ajiye radiyo a bakin tabarma, tsakanina da Inna, ta shige ɗaki.

Inna ta lalubo radiyon ta dafa ta. Ta ce, "Mai karatu, kin yi kwana uku kina ba ni labari, yau ni zan ba ki. Akwai wata yarinya, shekararta sha bakwai, ta haifi 'ya mace. Ranar yaye uwar miji ta zo ta ɗauka. Yarinyar nan ba ta yi kuka ba, ba ta ko tashi daga inda take tankaɗe ba. Mata suka yi ta yaba mata, wai ga mai kunya, ga 'yar gidan mutunci. Nononta ya yi kwana tara yana zuba, ba wanda ya sani. Daga ranar ba ta ƙara duban fuskar 'yar nan ba. Da farko don kada a ce ba ta da kunya. Daga baya don in ta duba ba za ta iya ɗauke ido ba."

Allura tana hannuna, na kasa motsa ta.

Ta ce, "Ba ta yi mata kitso ba ko sau ɗaya. Ba ta yi jinyarta ba. Ranar aurenta tana bayan ɗaki. To yanzu, mai karatu, da wane ido za ta je ta zauna a gidan 'yar nan, a dafa a ba ta, a riƙe hannunta a kai ta bayan gida? Me ta ajiye da za ta je ta ɗauka?" Ta share bakinta da gefen mayafi. "Kuma akwai wani abu. In an buɗe idon, dole ta gan ta. In an jera mata mata uku, ba ta san wacce ce tata ba. Wannan shi ne abin da take tsoro, ba wuƙar lokotoro ba."

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, irin wanda ba shi da sauti. Sannan na dubi radiyon nan matacciya na ce, "Mai karatu, gaya mata 'yar ba ta zo karɓar komai ba. Gaya mata tun tana ƙarama, in an yi biki, takan zauna inda za a gan ta, ko za a dube ta sau ɗaya. Har yau tana jira. In idon nan ya rufe, shi ke nan, ba za a taɓa duban ta ba. Kuma gaya mata ba za a jera mata uku ba. Ita kaɗai za ta tsaya."

Aka kira magariba, Inna ta yi alwala, na miƙa mata zanen da na gyara, ta shafa kalmasar da yatsa daga farko har ƙarshe. Sai ta ɗaga murya ta ce, "Azara, ina akwatin nan nawa kore? Ki sa mini zane uku. Kuma a kai matar nan ta sha wuta, hanya da nisa."

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Agali ya ba Inna gidan gaba, ni ina bayanta da radiyo. Muka ƙarasa babi huɗun kafin Arlit, kuma Inna ta riga ungozoma faɗin sunan mai laifi. Ba zan gaya muku ko wane ne ba, ku je wurin Malam Sule. A gidan Lalla ni na riƙe hannunta na kai ta bayan gida. Hannun ba nauyi, duk ƙashi, kuma ta riƙe ni da ƙarfi fiye da yadda tafiyar ke bukata. Talata da yamma muka shigo Agadas. Laraba aka duba ta, Alhamis aka yi aikin idon dama, aka rufe da auduga aka ce mu dawo da safe.

Ranar Juma'a muka koma gidan likita. Layi ne dogo, tsofaffi kowa da farin ƙyalle a ido. Da aka zo kanta, anfirmiye, wato ma'aikaciyar jinya, wata yarinya mai fara'a, ta zaunar da ita a kujera. Na roƙi matan da ke kusa su ɗan matsa gefe, suka matsa ba su san dalili ba. Na tsaya a gabanta ni kaɗai, bidon ruwa, wato 'yar jarka, a hannuna. Aka ɓare audugar a hankali, aka goge idon. Inna ta ƙifta, ta sake ƙiftawa. Anfirmiye ta ɗaga yatsu ta ce, "Inna, nawa ne nan?" Inna ba ta ko dubi yatsun ba. Ni take kallo. Daga kallabina har ƙafata, ta dawo kan fuskata ta tsaya, ba ta kawar da kai ba. Hawaye yana zuba daga idon, anfirmiye tana cewa kada ta taɓa, maganin ne.

Can sai Inna ta kama hannun anfirmiyen ta ce, "'Yata, wannan da ke tsaye, yaushe ta yi furfura?"

Yarinyar ta waiga ta ce, "Wacce, Inna?"

Inna ta ce, "Wannan. Tawa."

Na ce bari in nemo mata ruwa, na fita waje da sauri, alhali ga bido cike a hannuna.